Gyaran Ranar Laraba

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau na yi wa 'yata alheri ba ta sani ba, kuma ba zan faɗa mata ba, don alherin da aka yi wa shela rabin ladansa ya zube. Amma takarda ba mutum ba ce, bari in rubuta a nan bayan littafin da nake gwada harufa kafin in hau allo.

Sunanta Zuhra. Na rubuta sau ɗaya don littafi ya sani, ba zan ƙara ba, 'yar fari ce, bakina bai saba ba. Injiniya nake ce mata. Ta zo gida daga makarantarsu ta kimiyya a Kano don ta ƙarasa aikinta na shekarar ƙarshe, ran ashirin da takwas ga wata za ta tsaya gaban malamai ta nuna shi. In ya yi aiki ta gama, ta bi sa'o'inta bautar ƙasa. In bai yi ba sai baɗi.

Aikin kuwa sana'ata ce ta sace ta zuba a kwamfuta. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta allunan shaguna da bayan motoci daga Gaya har Ajingi, kuma abin da aka san Haruna Mai Fenti da shi shi ne sajen launi: in fara da shuɗi a sama in sauko rawaya a ƙasa, ba ka ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Ita giradiyen take ce masa. Ta rubuta wani ɗan ƙari da ake liƙa wa babbar manhajar zane, kamar a ɗaura wa keke kwando, fulogin sunansa. Ka zana da'ira, ka faɗa masa launi biyu, ya saje maka su, ka matsa nan, ka ƙara can, ka juya shi. Wai kuma da lissafi yake zanawa ba da ɗige-ɗige ba, ko girman bangon masallaci ka buɗa shi ba ya fashewa. Abin da nake kwana biyu a kan tsani ina yi, kafin ka ce kwabo.

To yau sun tafi suna Gafasa da uwarta Lami, ta bar kwamfutar a buɗe a zaure. Na leƙa. Na ga rubutun da ta yi wata biyar tana yi, sai kunya ta kama ni. Wani layi ya fara daga gefe, wani ya shige ciki, wani ya ƙara shigewa, kamar kunyar da sabon ɗan ƙwadago ya ja a gonar gyaɗa. Na ce malamai za su ga wannan su tambaya 'yar waye. Aji biyu na sakandare na tsaya, amma ko a kan tsani nake ba na jan layi karkatacce.

Na zauna na jera su duka a gefe ɗaya, layi ɗari shida da goma sha biyu, daga hantsi har La'asar, Azahar kaɗai ta tashe ni. Na ga layi iri ɗaya sau goma sha ɗaya, na bar ɗaya. Wasu kuma fentinsu ya koɗe, toka-toka, da ƙyar ake karantawa, na share su. Na danna sebin, wato ajiyewa, kamar yadda ta koya mini. Sannan na ga irinsa a cikin filas, ɗan abin ajiyar nan da ke soke a jikin kwamfutar, da duk karkacewarsa, na ja wanda na gyara na ɗora a kai. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata.

Na tabbata mana.

Alhamis, da hantsi

Injiniya ba ta karya kumallo ba.

Alhamis, bayan Azahar

Ta buɗe, ta danna, sai wani jan rubutu ya fito. Ta buɗe na cikin filas, jan rubutu. Ba ta yi ihu ba, da ma ihu ta yi. Ta zuba wa madannan ido ta daɗe, sannan ta ce wa uwarta aikin ya wargaje.

Lami ta tambaya wa ya taɓa. Ni a lokacin ina dama fenti, kuma fenti yana son a mai da hankali. Lami da kanta ta tuna cewa jiya da safe daga shagon Badaru aka ɗauko kwamfutar, inda wayar kowa da kowa take kwana a jone, ta ce ai bairos ne, cutar kwamfuta, ta ji ana faɗa a rediyo. Ta juyo ta tambaye ni ko ba haka ba.

Ban ce Badaru ne ba. A rubuta wannan. Cewa na yi caji iri-iri ne.

Juma'a, bayan an sauko

Abin da ya faru dai ya faru.

Layukan kuma, a gaskiya, sun miƙe.

Lahadi, 12 ga wata, da yamma

Badaru abokina ne tun muna samari, shi ne mai shagon caji da hasken rana a bakin titi, kuma a bencinsa majalisarmu take zama. Lami ba ta je ta same shi ba, ba ta da wannan rashin kunyar. Maƙwabciya ɗaya kawai ta faɗa wa, ta ce kada ta faɗa wa kowa. Zuwa yau duk unguwa ta san cajin Badaru yana da ƙwaro mai cin rubutu. Wani ya ce ya cinye masa lambobin waya. Wani tsoho ya ce tun da ya yi caji a can matarsa ba ta jin maganarsa sosai. Rabin wayoyin sun koma shagon da ke bayan tasha.

Ya zo har zaure ɗazu, hula a hannu. Ya yi wa Injiniya jaje, ya rantse shi wuta kawai yake sayarwa, wuta kuma ba ta karatu balle ta goge. Ya ce in da laifinsa a ciki a yafe masa. Ta ce babu komai Baba Badaru, ba ta ɗago kai ba.

Na raka shi ƙofa. Ya ce, Mai Fenti, kai ka san ni. Na ce na san ka mana.

Na juya na koma ciki.

Litinin, da safe

Gaisuwarta ta canza. Da can in ta fito sai ta ce Baba yau wace motar za a ɓata wa baya. Yanzu tana durƙusawa har ƙasa, ina kwana Baba, an tashi lafiya, ya gajiya, ta jira in amsa, ta tashi. Ban taɓa sanin ladabi yana da zafi haka ba.

Talata, 14 ga wata, bayan La'asar

Ana wata ga wata.

Ta tambaye ni ko na ga wasu takardu goma sha huɗu masu jan biro da ta bari a zaure tun watan Agusta. Wai tsohon rubutun ne da ta buga wa malaminta ya duba, in ta same su za ta iya sake gina aikin a kansu.

Na gan su. Watan jiya na tafi da su Toranke, na lilliƙa su a gefen allon wani mai injin niƙa don kada fenti ya ɗiga inda ba a so. Takarda ce mai kyau, ba ta shan fenti.

Na ce mata zan duba.

Laraba, kafin Magariba

Na faɗa wa Lami aiki zan duba a Ajingi, na hau babur na wuce Toranke. Mai injin ya ɗauka allon na zo gani, ya yi ta yabon yadda ja ya narke ya koma ruwan goro, har yanzu wai mutane suna tsayawa kallo. Na ce takardu na zo nema. Biyar ya toshe ramukan taga da su, huɗu suna ƙarƙashin gwangwanin man injin. Sauran biyar ya ce wataƙila akuya. Ya tambaye ni ko takardun gado ne, na ce kusan haka.

Na kawo tara. Na ce mata a bayan duro na tsince su a zaure. Ta karɓa hannu biyu, ta hure garin dawa da ke kai, ta dubi garin, ta dubi zauren da ba a taɓa niƙa ko barkono a cikinsa ba, ta ce an gode Baba.

Alhamis

Saura kwana goma sha biyu.

Asabar, 18 ga wata, bayan Azahar

An ɗauke ni aiki. Takardun sun sha fenti da mai, idonta ya gaji, don haka ni nake karanta mata tana bugawa. Harafi-harafi nake kira, don kalmomin ba na Allah da Annabi ba ne. Ta ce abin da ya fi komai muhimmanci shi ne in faɗa mata nisan da kowane layi ya shiga daga gefe. Na ɗauko rula da fensir na ja layuka a tsaye a kan takardar, ina kira mata: huɗu, huɗu, takwas, goma sha biyu, takwas. Ta ce ba ta taɓa tunanin yin haka ba. Na ji daɗi har na manta ko ni waye.

Sai na tambaya, kamar mai neman ilimi kawai, me ya sa ba a jera su a gefe ɗaya a huta. Ta ce shigar ita ce maganar. Layin da ya shiga ciki yana ƙarƙashin na samansa ne, kamar ɗaki a cikin gida, gida a cikin unguwa. Wanda ya jera su a layi ɗaya ya mai da kowa mai unguwa, babu mai jin maganar wani. Layin nan mai maimaituwa kuwa ƙofar fita ce, kowane ɗaki da tasa, an toshe goma an bar ɗaya. Masu toka-tokan kuma bayani ne da ta rubuta wa kanta don kada ta manta dalilin kowane abu.

Na ce lallai wannan bairos ɗin ba shi da tarbiyya. Ta ce a'a, yana da haƙuri dai, aikin yini guda ne.

Gyaran gangar Abzinawa. Huɗu, takwas, takwas.

Lahadi, da hantsi

Na daina zama a majalisa, na ce ƙafa ke damuna. Na hango Badaru daga nesa yana goge faifan hasken ranarsa da tsumma, wayoyi uku ne kacal a kan tebur. Na bi ta lungun bayan masallaci.

Litinin, 20 ga wata, bayan La'asar

Fulogin ɗin ya tashi. Ta zana da'ira, ta ba shi shuɗi da rawaya, ta danna, launi ya bayyana. Lami ta yi guɗa daga madafa.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta nuna tsakiyar da'irar: tsakanin shuɗin da rawayar wata toka ce ta kwanta, kamar ruwan wankin burushi. A kan wannan tokar malaminta ya fi zuba jan biro a watan Agusta, ya rubuta cewa in ba ta gyara ba kada ta zo. Ta gyara a watan Satumba, sati uku ta yi a kai, gyaran kuma yana cikin abin da ya tafi. Ta ce ta san ta yi shi, amma ba ta tuna hanyar ba, bayanin yana cikin layukan da suka koɗe.

Masu toka-tokan nan.

Talata

Ta gwada hanya huɗu. Toka.

Na ci tuwo rabi. Lami ta ce ko zazzaɓi ne.

Laraba, 22 ga wata, kafin Magariba

Na kasa zama. Na jawo wani guntun allo daga bayan duro, na buɗe gwangwani biyu, na ce ta zo ta gani, ba don in koya mata ba, ni wa. Na ce ni ban san lissafinta ba, amma a hannuna shuɗi ba ya tsalle ya faɗa rawaya. Zagayawa yake yi, yana yada zango. Na shafa shuɗi, na bi shi da shuɗi mai ɗan kore, sannan kore sosai, sannan kore mai ruwan lemon tsami, sannan rawaya, ina haɗa bakinsu tun suna ɗanye. Na kuma faɗa mata abin da maigidana ya koya mini da ranƙwashi: rawaya raguwa ce, shuɗi yana danne ta, saboda haka koren ba a tsakiya yake zama ba, sai ka matsa shi wajen shuɗi ka ba rawaya fili ta yi numfashi.

Ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Ta ce fulogin ɗin yana yanke hanya ne ta tsakiya, shi ya sa yake faɗawa toka, ni kuma ina bin gefe. Ta karɓi rulata ta auna inda kowane zango ya tsaya, ta ɗauki hoton allon, ta shige ɗaki da sauri har ta taka murfin gwangwani.

Sawun shuɗi bakwai ne daga zaure zuwa ɗakinta. Na hana Lami wankewa.

Juma'a, 24 ga wata, da safe

Kore ya fito. Yanzu fulogin ɗin da kansa yake saka zango uku a tsakanin kowane launi biyu, kuma kana iya kama kowanne ka ja shi inda kake so. Na gwada ja da kore, waɗanda ko a gwangwani ba sa shiri, ya bi da su ta ruwan goro da rawaya lafiya lau. Ta ce ya fi na watan Satumba.

Na so in ce to ashe bairos ɗin alheri ne. Allah ya taimake ni na haɗiye.

Asabar, bayan La'asar

Gobe za ta koma Kano. Na same ta tana naɗe wayar caji a zaure, na zauna ina wanke burushin da na riga na wanke. Uba ba ya ba 'yar fari haƙuri, ban taɓa jin inda aka yi ba, ubana ko kallona bai cika yi ba a gaban mutane. Don haka na ɗauko labari. Na ce akwai wani mutum a Ajingi, mutumin kirki, da ya ga kayan wani a karkace, da kyakkyawar niyya.

Ta bar ni na kai har tsakiya, sannan ta juyo da kwamfutar ta nuna mini madannin gogewa. Shuɗin fenti ne a kai, zanen babban yatsa ɓaro-ɓaro, ya bushe.

"Tun ranar Alhamis ɗin na gani, Baba."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"Ni ce zan tona mahaifina a gaban Mama? Jira nake ka gama da mutumin Ajingi."

Na ce mutumin Ajingi ya yi nadama. Ta yi dariya, irin ta da, har da riƙe ciki, ta ce ita ta yafe masa tun ranar da ya dawo da takardu da garin dawa a gemu. Sai ta daina dariyar. Ta ce amma Baba Badaru bai ci ba bai sha ba, ita ma shirunta ya cuce shi, kuma abin yana damunta. Ba ta ce in yi kaza ba. Ta dai ce a majalisa maganar ta yaɗu.

Na ce sai ta dawo. Ta ce to. Wannan to ɗin na uwarta ne.

Lahadi

Ta tafi. Na faɗa wa Lami.

Lahadi, bayan Azahar

Lami ta yi salati, ta zauna a kan turmi, ta tashi, ta sake zama. Ta ce wato ita ce ta yi ta yawo da bairos gida-gida alhali yana zaure yana cin tuwonta. Ta yafa mayafi ta tafi wajen matar Badaru ta nemi gafarar abin da bakinta ya jawo. Sunana kuwa ta ce ba ta ambata ba, ta bar mini kayana in ɗauka da kaina, kuma a gaban maza, ranar Juma'a, lokacin da benci ya cika.

Miyar rana ba gishiri. Na sha a haka.

Talata, 28 ga wata, da hantsi

Yau ne. Ƙarfe goma za ta shiga.

Wayata ta mutu tun jiya, ta Lami ma haka. Ba na iya kai su wajen Badaru, ba na kuma iya kai su bayan tasha ya ganni. Na zauna da allon wani mai shayi, na rubuta SHAYI sau biyu.

Talata, bayan La'asar

Ina zaure na ji ana kwaɗa sallama. Badaru ne, da gudu-gudu, takalmi ɗaya ya kusa cirewa, waya a hannu. Injiniya ta kira tawa ba ta shiga ba, sai ta kira tasa. Akwai lambar mutum goma a unguwar nan da za ta iya kira. Tasa ta kira.

"Mai Fenti, 'yarmu ta ci."

Ya ce ta ce malamai uku ne, sun ba fulogin ɗin launuka iri-iri don ya faɗa toka, ya ƙi. Babban cikinsu ya tambaye ta ina ta samo dabarar matsar da tsakiya, ta nuna musu hoton guntun allona, ta ce wajen wani mai fenti a Gaya. Badaru yana faɗa yana share ido da hula. Ya ce shi duk abin da aka ce a kansa ya wuce, tunda yarinya ta fita kunya. Ya karɓi wayata da ta Lami ya ce zai cika su kyauta, na murna.

Mu biyu ne kaɗai a zauren. Ba za a sake samun dama irin wannan ba.

Na ce madalla, Allah ya yi albarka.

Alhamis, 30 ga wata, da yamma

Daga ƙofar gidana zuwa bencin Badaru taku ɗari da arba'in ne. Na ƙirga ɗari da goma, na tsaya na sayi goro, na dawo.

Juma'a, kafin masallaci

Na wanke hannu da kananzir sau uku, na sa babbar riga. Lami ta ce ta ga na yi kyau, kamar mai zuwa ɗaurin aure ko kotu. Injiniya ta turo saƙo, gaisuwa ce kawai, da tambayar ya ƙafa.

Bayan an sauko majalisa take cika, mutum goma sha biyar in ba a yi ruwa ba. Na leƙa sama, ko gajimare ɗaya babu.

Badaru ya aiko wai kwana biyu ba a ganina, ya ajiye mini wuri kusa da shi.